Kwano Sai Gobe

Ni dai bakina ne ya shigar da ni ƙungiyar nan, ba kirkina ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ɗauka wata waliyyiya ce ke ba shi labari.

Shekara ashirin da wani abu ina girkin biki a Dakoro. In aka yi aure ko suna a unguwarmu ba ni ce bisa tukunya ba, to masu bikin ko dai baƙi ne ko muna gaba da su. Ina da hannu, wannan ko maƙiyina ya shaida. Ina kuma da baki. Da maigidana ya rasu na fita takaba, autata kuma ta tare a Maraɗi, sai gida ya yi mani faɗi. In tashi in share tsakar gida, in zauna, in sake tashi in share inda na share.

Ana nan, wata safiya sai ga wata tsohuwa ta yi sallama tana biɗar aron babbar tukunyata. 'Yar ƙarama ce, siririya, in ta ɗauko bokiti sai ka rantse bokitin ne ya ɗauko ta. Kowa Inna yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ta yi shekaru tana shara da wanki a gidan likita kafin ta aje aiki, kuma a can ta ga abin da mu 'yan gari ba mu gani. Ana kawo mutum daga nesa, daga ruga ko daga bakin wata rijiya can arewa, a aje shi bisa gado, wanda ya kawo shi ya juya, don dabbobi ba su san an kwantar da kowa ba. Likita kuwa magani yake bayarwa, ba ya tuƙa tuwo. Wanda ba shi da mai jinya ba shi da abinci. Shi ya sa Inna ta tara matan unguwa suna kai wa irin waɗannan baƙi abin da za su ci. 'Yan gari na tsokanarsu da matan kwano.

Ni tukunyata ba ta fita ba tare da ni ba, don haka na bi ta har gidan Inna. Na iske mata biyar suna dama kunu. Na amshi ludayi na ɗanɗana, tun ba a ce mani bisimilla ba.

Na ce, "Wannan kunu ne ko ruwan ɗaurayar ƙwarya? Wallahi mai lafiya ma in ya sha wannan sai ya kwanta."

Wata ta harare ni, wata ta ja tsaki. Inna ko a jikinta. Ta miƙo mani muciya ta ce, "Alhamdu lillahi, yau Allah ya kawo mana wadda ta iya. Amshi, ɗiyata."

Haka na shiga. Ba takarda, ba rantsuwa, muciya kawai aka danƙa mani.

Aikin a faɗe ba wuya. Kowace safiya ɗaya daga cikinmu za ta je wurin majo, babban ma'aikacin da ke kula da ɗakunan kwanciya, ta tambayi wa da wa ba su da kowa, sai a raba. Kowace mace daga tukunyar gidanta take ɗiba, ba a haɗa girki sai in majinyata sun yi yawa. Akwai mai ƙuli-ƙuli cikinmu, akwai matar wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, akwai wata baiwar Allah da ita kanta ba kullum take ɗora tukunya sau biyu ba, amma ranarta ba ta taɓa faɗuwa ba. Ni da nake taƙamar iya girki, wannan matar ta fi ni, kuma na sani tun a lokacin. Bayan abinci akwai wanki, da ɗebo ruwa, da zubar da abin da ba a so a ambata. Wannan na ƙarshen Inna ke yi. Takan riga kowa zuwa don kada a yi mata gardama a kai.

Doka ɗaya ta kafa mana, kuma kowace sabuwa sai ta ji ta.

"Ki yi sallama, ki aje, ki gaishe shi da jiki, ki fito. Kwano sai gobe."

Na ce, "Haba Inna! A aje wa mutum abinci a juya, sai ka ce an watsa wa kaji tsaba? Mu a gidanmu ba haka aka koya mana ba. Baƙo zama ake yi da shi, a ce ci mana, ƙara mana."

Ta ce, "Wannan baƙon da ya zo da ƙafarsa kike faɗa, ɗiyata. Waɗannan ɗauko su aka yi."

Ban gane ba, ban kuma so in gane ba. Gaskiyar magana, ni fuskar mutum nake son gani lokacin da lomar farko ta shiga. Shekara ashirin na saba jin ana tambaya wa ya yi miyar nan. Don haka in Inna na kusa sai in bi doka, in ba ta nan sai in shimfiɗa gyalena in zauna. Kuma sau da yawa abin na yi mani kyau, musamman a ɗakin mata, don suna son hirata, su ci suna dariya. Sai na ƙara yarda cewa tsohuwar nan tsufa ne kawai ke damunta.

Cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, aka yi wa Inna rasuwa a Kornaka ta tafi gaisuwa. Ranar da ta tafi, ranar kasuwa ce, aka kawo wani dattijon Buzu daga bayan Tagriss cikin motar 'yan kasuwa. Ɗansa ne ya kawo shi, magidanci, ya kwana ɗaya ya koma, don raƙuma da awaki na can kuma ba mai ja masu ruwa sai shi. Ciwon ƙirji ne. Washegari ni ce na je wurin majo.

Ya ce, "Tanti, akwai wani dattijo a gadon tsakiya, ɗakin maza. Maganinsa na da ƙarfi, ba ya son cikin wofi. In ya ci abinci zai tashi da yardar Allah. In bai ci ba, ba na yi maki alkawarin komai."

Na ce, "Wannan kuma ka bar mani. Wanda na dafa wa bai ci ba, ba a haife shi ba tukuna."

Dogo ne, har ƙafafunsa sun zarce gado. Rawaninsa baƙi, naɗe tsaf ko da yana kwance, amawali ya rufe baki da hanci, ido kaɗai ake gani. Ɗakin gado takwas ne, kuma kowane gado da matansa a ƙasa bisa tabarma, uwa ko mata ko ƙanwa, wata na fifita, wata na ɓare gyaɗa. Shi kaɗai ne ba kowa, ga shi a tsakiyar ɗaki kamar an aje shi don kallo.

Ranar farko na kai tuwon hatsi mai laushi da miyar kuka, na zuba man shanu har ƙamshi ya riga ni shiga. Na aje, na ja kujera na zauna dab da shi.

"Baba, bisimilla."

Ya ce, "Na gode," da Hausarsa mai nauyi. Bai taɓa ba. Na jira, na sake tayi, ya sake godiya. Da na gaji na ɗauke kwanona na ba masu jinyar gadon kusa, don ni ba a zubar da girkina.

Rana ta biyu kazata na sa aka yanka, na yi farfesu. Wannan karon ya ɗago hannu kamar zai ɗauki cokali. Hannun na rawa ƙwarai. Ya dube ni, ya dubi matan ɗakin, ya mayar da hannun. Ruwa kaɗai na ga yana sha, shi ma da 'yar butar shayi, ya cusa bakinta ƙarƙashin amawali, rabi ya shiga rabi ya zube bisa ƙirjinsa. Na gani da idona amma ban karanta komai a ciki ba. Abin da na karanta shi ne raini. Na ce a raina, ai dama, wanda ya saba da nonon raƙumi ina zai san darajar farfesu. Na sake ɗauke kwanona.

Matar mushen lakwal ɗin nan ta tare ni a ƙofa ta ce, "Yaya, ki bar mashi kwanon mana, yadda Inna ta ce."

Na ce, "In bar wa ƙudaje kazata? Ke dai je ki ji da naki majinyacin."

Rana ta uku majo ya kira ni gefe, fuskarsa ba walwala. Ya ce ƙarin ruwa ba abinci ba ne, kuma dattijon na ƙara yin ƙasa. A nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, don na ɗauki alkawari da bakina kuma ga mutum zai mutu a hannuna. Na dama kunu na shiga da niyyar yau ko ana ha-maza-ha-mata sai ya sha. Na zauna bakin gadon, na cika ludayi.

"Baba, yau kam ko ka so ko ka ƙi. Buɗe baki."

Bai motsa ba. Sai zuciya ta ɗebe ni, na sa hannu na ja amawalin ƙasa har haɓa, yadda ake yi wa yaro mai ƙin magani.

Na ga bakin. Leɓe duk a tsage, haƙora biyu ko uku, farin gemu ya manne da gumi. Wata mai jinya a gadon can ta yi 'yar dariya, ba da mugunta ba, mamaki ne ya kama ta. Shi kuwa bai yi tsawa ba. Ya sa hannuwansa biyu masu rawa ya ja amawalin ya mayar, a hankali, ya daɗe yana yi. Sannan ya dube ni. Ni da aka sha zagina a gidajen biki ban taɓa jin komai ba, wannan kallon har yau yana nan. Ya rufe ido ya juya mani baya. Maimakon in sha jinin jikina, sai na tashi fuu da kununa ina cewa wanda ya ƙi ci don kansa.

Da safe ina isowa bakin gidan likita na iske taro ƙarƙashin bishiyar bedi da ke kusa da ƙofa. Dattijon ne zaune a ƙasa da sandarsa. Ya zare allurar ƙarin ruwa da kansa ya fito, ƙafafu suka kai shi nan suka ƙi gaba. Yana cewa a sa shi kowace mota mai zuwa arewa, gara ya mutu cikin dabbobinsa. Majo na tsaye yana lallashi, mai gadi na tare ƙofa. Da majo ya gan ni sai ya ce a hankali, "Tanti, in ya hau mota ba zai kai gida ba."

Daidai nan Inna ta iso. Daga Kornaka take, ko gida ba ta biya ba, ƙunshin kayanta na bisa kai. Ta tambayi abin da ya faru, ni kuwa na fara zuba, ina kawo kaza, ina kawo man shanu, ina neman a ba ni gaskiya. Ina isa wurin amawali sai ta sauke ƙunshin ƙasa.

"Inna lillahi. Ke da hannunki? Gaban mata?"

Na ce, "To Inna, ya zai sha kunu da baki a rufe?"

Ta ce, "Da kin tuɓe mashi riga da wando tsakiyar kasuwa, da ya fi mashi sauƙi."

Ba ta ƙara ko kalma ba. Da ta yi mani wankin babban bargo da na fi jin daɗi, don na iya ramawa. Ta juya ta sallami taron, kowa ya kama gabansa, har majo ta ce ya ba ta wuri. Ni na laɓe bayan katanga ina leƙe. Ta je ta zauna a ƙasa, nesa da shi kamar taki huɗu, ta ba shi gefe, idonta bisa rairayi. Ta fara gaishe shi da Buzanci. Ban san ta iya ba sai ran nan. Daga baya ta faɗa mani ba ta ambaci ciwo ko abinci ba ko sau ɗaya. Raƙuma ta tambaya, da zurfin rijiyarsu, da inda ciyawa ta rage bana. Can ya fara amsawa da kalma ɗaya ɗaya. Rana ta ɗago, inuwar bedi ta matsa ta bar Inna cikin zafi, ba ta gusa ba. Sai da aka yi kusan awa sannan ta ɗaga hannu, majo da mai gadi suka zo suka kama shi suka mayar ciki. Ta sa aka ja gadonsa zuwa kusurwa, jikin bango.

Muna tafiya gida ta warware mani. Ta ce mazan Buzaye ba su buɗe baki gaban mata da baƙi da surukai, abin da muke kira kunya su a nan suka aje ta. Mai lafiya zai cusa cokali ta ƙarƙashi ya ci abinsa ba wanda ya ga komai. Shi kuwa hannunsa na rawa, ba zai iya ba sai ya sauke amawali, kuma ba zai sauke ba ido na kansa.

Ta ce, "Jira yake ki fita, ɗaki ya yi barcin rana, ya ja bargo ya ci. Ke kuma kullum sai ki tafi da kwanon. Kwana uku yana shaƙar ƙamshin girkinki da yunwa, ɗiyata, kina zaune a kansa."

Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba. Na ce bari in koma yanzu in durƙusa in roƙe shi gafara.

Ta ce, "Kul. In kin roƙa kin sake buɗe shi. Abin nan bai faru ba, kin ji ko? Je ki dama fura mai ruwa-ruwa, ki daka cuku da dabino ki zuba ciki, irin tasu. Hannunki ya fi nawa, wannan ba gardama."

Ban taɓa dama fura da tsoron Allah irin na ran nan ba. Na kawo cikin ƙwarya da ludayi. Inna ta amsa ta aje bisa kujera inda hannunsa zai kai, ta yi mashi sannu, ba ta dube shi ba. Sannan ta warware wata tabarma da ta aro. Ba ƙusa a bango, ba igiya. Ta kama gefe ɗaya ta miƙo mani ɗayan.

"Ke doguwa ce, ɗaga sama. Fuskarki ƙofa."

Muka tsaya mu biyu, tabarma a bayanmu, shi a bayan tabarma. Matan ɗakin suka zuba mana ido. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sai kowace ta tuna tana da majinyaci. Shiru. Kafaɗuna suka fara ciwo, gumi na bin bayana, ba abin da nake ji sai tarin wani a gadon ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, na kashe bawan Allah. Can sai na ji ƙwas, ludayi ya bugi ƙwarya. Aka daɗe. Na sake jin ƙwas.

Hawaye suka zubo mani, ga hannuwa duka biyu a sama ba halin sharewa. Wuyana ya fara karkata da kansa. Inna ta ce ƙasa-ƙasa, "Kada ki kuskura."

Ban juya ba. Wannan ne karon farko a rayuwata da aka ci girkina ban ga fuskar mai ci ba.

Da la'asar mai gadi ya samo ƙusa biyu da igiya aka rataye tabarmar. Daga ran nan in na kawo sai in yi sallama, in aje, in fito, washegari in iske ƙwarya a bakin tabarma an side ta tas. Daga fura ya koma kunu, daga kunu ya koma tuwo. Cikin mako na uku ɗansa ya zo ɗaukarsa, ya fita da ƙafarsa, rawani tsaf. Ni da shi ba mu sake haɗa ido ba. Da Inna ya yi sallama, ita ta kawo mani saƙonsa tana danne dariya.

"Ya ce a faɗa wa mai furar nan dabinonta ya yi yawa."

Na ce, "Ka ji mani mutum! Ya yi yawa shi ne yake side ƙwarya?"

Amma na rage dabinon tun daga lokacin, kuma in gaskiya za a bi ya fi daɗi haka.

Na yi shekaru cikin matan kwano bayan wannan, har yau ina ciki. Na ga sababbi sun zo da irin kaina, na ji bakina na faɗa masu dokar nan da na yi wa gardama. Ban taɓa jin Inna ta ba wani labarin abin da na yi ba, ko da wasa, alhali ni da wata ce ta yi da tuni garin nan ya haddace. Ina son matar nan, ba na jin kunyar faɗa. Na ga masu ilimi, na ga masu dukiya, na dafa wa dukansu, ban ga wanda ya san mutum kamarta ba.

Shekara biyu da suka wuce ta faɗi tsakar gidanta tana shanya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Da aka sallamo ta daga likita aka kawo ta gida, Dakoro kaf ta zo dubiya, don ba gidan da ba ta taɓa yi wa rana ba. Ɗakinta cike tun safe har magariba, wasu na fita wasu na shiga. Sai ga babbar ɗiyarta ta zo mani da kuka, ta ce kwana uku Inna ba ta sa komai a ciki ba, an yi lallashin duniya ta ƙi.

Na yi farfesu na tafi. Na iske 'ya'ya da jikoki da maƙwabta sun kewaye ta, kowa da cokalinsa, wannan na cewa Inna ko loma ɗaya, waccan na cewa Inna don Allah don Annabi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ni ma na kutsa na durƙusa gabanta na buɗe kwano.

"Inna, ki daure. Ni ce fa na dafa."

Sai na ga hannunta na hagu, shi kaɗai ke motsi, ya lallaɓo ya kama bakin gyalenta ya ja ya rufe bakin nan da ya karkace, inda miyau ke zuba ba da saninta ba. Ta dube ni ta saman gyalen.

Na san kallon nan.

Na miƙe. Bakin da Allah ya ba ni, ran nan ya yi amfani.

"Kowa waje! Ku tashi, kallon me kuke yi, biki ake? Hajiya, har ke. Ku kwashe yaran nan. Wanda ya zo dubiya ya duba, Allah ya ba da lada, a fita!"

Aka fita ana gunaguni, na ji wata na cewa dama halinta ne. Babbar ɗiyar ta tsaya ta ce, "Tanti, ba ta iya riƙe ludayi da hagu ba, zubewa zai yi."

Na ce, "Ya zube. Idonki ne zai koya mata? Fita, ɗiyata."

Na aje farfesun gefe na dama fura mai ruwa-ruwa, dabino kaɗan. Na gyara mata matashi ta jingina, na shimfiɗa tsohon zane bisa cinyarta ban ce don me ba, na aje ƙwarya ta hagunta.

"Inna, sannu da jiki."

Ƙofar ɗakin ba ta da ƙyaure, labulen kuma 'yan dubiya sun tsinke shi. Na cire mayafina na ware shi, na tsaya bakin ƙofa na ɗaga da hannu biyu ta bayana, fuskata tsakar gida. Mutane cike suna kallona, ni ma ina kallonsu, har suka gaji suka sunkuyar da kai.

Shiru ya yi tsawo. Yanzu na tsufa, kafaɗun ba irin na da ba ne, suka fara rawa. Sai na ji ludayi ya faɗi bisa siminti ya gangara. Babbar ɗiyar ta zabura daga inda take zaune, na girgiza mata kai. Zuciyata na cewa juya ki miƙa mata, minti ɗaya ne, uwarki ce. Na ciji leɓe. Na ji tana ja da jiki, tana nishi, gado na ƙara. An daɗe ƙwarai. Sannan na ji ƙwas, ludayi ya bugi ƙwarya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Da motsin ya lafa na ce, ban juya ba, "Inna, in shigo in ɗauka?"

Muryar ta fito a karkace, kalmomin na jan ƙafa, amma na ji su sarai.

"Kwano sai gobe."

Na ɗaura mayafin a ƙusar labule na tafi gida. Da safe na iske ƙwaryar bakin ƙofa ba komai ciki, zanen kuma an naɗe shi an tura ƙarƙashin gado. Nawa ta sha, nawa ya zube, har ta bar duniya bayan wata bakwai ban tambaya ba.